Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jinin Yaya

Makon jiya na tsaya a inda alƙali ya karanta hukunci a kan yaron da ya daɓa wa Yayana wuƙa a tasha saboda rigimar kuɗin lodi. Rataya. Sashe na 221 na Final Kod, dokar manyan laifuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, bai bar wa alƙali wata ƙofa ba: in an tabbatar da kisan ganganci, hukuncin ɗaya ne.

Da na koma gida Tudun Wada na gaya wa Inna, ba ta yi hamdala ba, ba ta kuma yi kuka ba. Cewa ta yi, "Uwarsa tana wurin?" Na ce tana wurin, har sai da aka ɗauke ta ranga-ranga.

Abin da ban faɗa muku a baya ba shi ne, Inna da uwar yaron nan adashinsu ɗaya. Tun da abin ya faru matar ba ta ƙara tako ƙofar gidanmu ba, amma zubinta bai taɓa yankewa ba. Duk Juma'a sai wata 'yar yarinya ta leƙo zaure da kuɗi a ƙulle cikin leda, ta ajiye, ta ruga. Inna kuwa ta karɓa ta saka a gwangwani. Kawu ya sha yi mata magana. "Yaya, kuɗin gidan da suka kashe miki ɗa kike taɓawa?" Sai ta ce, "Ita ta riƙe wuƙar?"

Ita ta aike ni wurin Malam na masallacin layinmu. Ya ɗauko aya ta 178 a Suratul Baƙara ya yi mini fashin baƙi: magadan jini suna da zaɓi uku, ƙisasi, ko diyya wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko afuwa. In ɗaya daga cikinsu ya yafe, kisa ya faɗi. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, mahaifinku ba ya raye, 'ya'yan mamaci ƙanana ne. Maganar ta biyo ta kanka."

Na yafe. Ba don zuciyata ta yi sanyi ba, a lokacin ko sunan yaron ba na son ji. Na dai auna ne na ga ba zan iya zama ina jiran ranar da za a aiko a ce an karya wuyan ɗan maƙwabciya da sunanmu ba.

Sai lauya ya sare mini gwiwa. Ya ce yafewarku tana da lada, amma ba ta da gurbi a fayil. Shari'ar tsakanin gwamnati ce da yaron, ku shaidu ne kawai. Hanya biyu ta rage: ɗaukaka ƙara, ko gwamna, wanda sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon yin afuwa ko sassauci bayan ya ji shawarar kwamitinsa. Daga ranar nan na fara ƙin hukuncin kisa a yadda ake yin sa a ƙasar nan. Allah ya ba mai jini haƙƙin ya yafe, hukuma ta karɓe haƙƙin, ta bar igiyar.

Masu cewa "kai ka fi Allah tausayi ne?" ina jin ku, an faɗa mini a ido ma. Ba na jayayya da ƙisasi. Amma shari'ar da ta zo da shi ta ce a tunkuɗe haddi da shubuha, ta kuma gindaya sharuɗɗan shaida masu tsauri. Mu kuwa nawa ne aka yanke wa hukunci da takardar amsa laifi wadda aka samo a bayan kanta da kulki? A jihar Oyo an kashe wani Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa doka. Ta faɗa wa wa? A 1985 an harbe mutum uku a Legas kan miyagun ƙwayoyi da dokar soja wadda aka sa ta shafi har laifukan da aka yi kafin a kafa ta. Nan Kaduna, a gidan yarin da ke Independence Way, aka rataye Sani Yakubu Rodi ranar 3 ga Janairu 2002, bayan kotun shari'a a Katsina ta yanke masa hukunci, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. Shi kuwa Janar Zamani Lekwot, da aka yanke masa kisa a 1993 kan rikicin Zangon Kataf, gwamnatin Babangida ta mayar da shi ɗauri. Ba cewa nake da an kashe shi ba. Cewa nake ƙofar da ta buɗe wa janar, ɗan tasha ma yana da wuya iri ɗaya.

Na je na ga yaron. Gandiroba ya fito da shi da mari a ƙafa, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Ya durƙusa, ya kasa ɗaga kai, "Yaya, Yaya" kawai yake ta maimaitawa, sunan da ni nake kiran wanda ya kashe. Da ya samu bakin magana ya ce a ɗakinsu ba mai barcin asuba. In aka ji takun takalmi da ƙarar makullai kafin gari ya waye, kowa sai ya kama salati, don ba a san ko hauni ne ya zo ba, ba a kuma san wa ya zo ɗauka ba.

Kuma yawanci ba ya zuwa. Gwamnoni ba sa son sa hannu, ba sa son sassautawa. Na baya-bayan nan da aka rataye a Edo ne, a 2013 da 2016. Kwamitin da Obasanjo ya kafa ya ba da shawara tun 2004 a dakatar da kisa, amma kotuna ba su fasa yankewa ba, ga mutum sama da 3,000 jibge suna jira. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce wanda ya ƙare ɗaukaka ƙara ya shekara goma ba a zartar ba, babban alƙalin jiha na iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. Gara haka, sai dai a lokacinmu babu ita.

Kada wani ya ce ina so a saki 'yan bindiga. Na san waɗanda harin jirgin ƙasa na Maris 2022 ya taɓa, na san abin da ake gani a hanyar Birnin Gwari. A tsare su har ƙarshen ransu. Mai ɗaurin rai da rai dai, in gaskiya ta yi halinta daga baya, ana iya buɗe masa ƙofa.

Lauya ya rubuta takardar roƙo zuwa ga gwamna, na sa hannu, Inna ta dangwala. Ya ce za ta fi nauyi in matar marigayi ma ta sa nata. Ita kuwa tun da ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Rigasa, ta kuma aiko cewa duk wanda ya zo mata da zancen yafiya kada ya ƙara kiran 'ya'yanta nasa. Inna ta ce in nemo mana mota, da ƙafarta za ta je. Yadda muka kwashe da ita a Rigasa, mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.