Godiya Bayan Kwana Tara: Kwamfutata Ta Tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi, jiya Alhamis bayan sallar la'asar kwamfutata ta tashi, kuma yau da safe na buɗe kundin binciken karatuna na karanta babi na huɗu tun daga farko har ƙarshe, ban tarar da ko layi ɗaya ya ɓata ba. Yawancinku kun bi wannan al'amari tare da ni tun daga safiyar Larabar makon jiya da shayi ya zube a kanta, saboda haka ba zan sake bin labarin daki-daki ba, domin ni kaina a gajiye nake ƙwarai, kuma har yanzu idan na tuna wasu wurare sai in ji gabana ya faɗi. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne akwai mutanen da idan na yi shiru a kansu ban yi musu adalci ba.

Wasu sun tambaye ni dalilin da ya sa na tayar da hankalina haka a kan na'urar da ake iya sayen wata. Da a ce rubutun kundin ne kaɗai a ciki, da na yi kuka na share hawaye na sake zama, tunda abin da ya fito daga kaina zai iya sake fitowa ko da a hankali ne. Amma a cikinta akwai muryoyin tsofaffin mata da na yi shekara uku ina bi ƙauye-ƙauye a yankunan Bichi da Ɗambatta ina ɗaukar waƙoƙinsu na niƙa da na daɓe, kuma tun da wayar da na yi ɗaukar da ita ta cika na kwashe komai na zuba a kwamfutar, ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Ɗaya daga cikin matan nan, wadda ta fi kowa yawan waƙa a ka, ta rasu a daminar da ta wuce, Allah ya jiƙanta. Ita ce nake gani a duk daren da na kasa barci.

Dole ne in faɗi kuskurena a fili, domin na ga da yawa daga cikinku sun ba ni irin shawarar da na bi, da zuciya ɗaya kuwa, kuma ba na so wani ya sake faɗawa inda na faɗa. Lokacin da shayin ya zube, fuskar kwamfutar ta ɗauke nan take, ni kuma a ruɗe na riƙa danna maɓallin kunnawa ba adadi, har na jona caja ina fatan ko rashin wuta ne. Daga baya na tura ta cikin buhun shinkafa na bar ta kwana biyu da batirinta a ciki. Mai gyaran da Allah ya haɗa ni da shi a ƙarshe ya yi mini bayani cewa ko kwamfuta a kashe take, muddin batir yana jone akwai sassan babban allon cikinta da wuta ke ci gaba da bi, kuma idan danshi ya haɗu da wutar nan sai tsatsa ta fara cin hanyoyin tagulla da ƙafafun ƙananan kayan da ke liƙe a kai. Shinkafa ba ta isa inda danshin ya shiga ba, balle ta wanke sukari da madarar da suka bushe suka yi danƙo suna ƙara jawo raɓa. Abin da ya kamata in yi shi ne in cire caja, in kife ta domin ruwan ya tsiyaye, in daina taɓa maɓallin, sannan in kai ta a buɗe a zare batirin a ranar, tunda irin tawa batirinta a ciki yake, sai an kwance bayanta ake kai gare shi.

Game da shagon farko da na kai ta ranar Asabar ba zan ce komai ba, sai dai cewa an faɗa mini allon ya mutu kuma an yi mini tayin sayenta a matsayin kayan gyara, ba tare da an tambaye ni abin da ke ciki ba. Na ɗauko abata na dawo gida.

Wanda nake son in tsaya a kansa shi ne Malam mai gyara na kasuwar Farm Centre da ke Kano, dattijon da ya roƙe ni kada in rubuta sunansa, kuma zan cika masa wannan alkawari duk da ba haka raina ya so ba. Na isa shagonsa ranar Litinin da yamma, ina miƙa masa jakar na fara tambayar nawa zai karɓa, sai ya ce, "Hajiya, bar maganar kuɗi tukuna. Mene ne a cikinta wanda idan ya tafi ba za ki same shi a kasuwa ba?" A kwana shidan da na yi ina yawo da kwamfutar nan babu wanda ya yi mini wannan tambaya, kuma ina jin ta sai hawaye suka kuɓuce mini a gaban yaran shagonsa. Bai ce komai ba, ya sa aka kawo mini kujera, ya kwance bayan kwamfutar, ya fara zare wayar batir, sannan ya warware ɗan ƙaramin noti guda ɗaya ya ciro wani siririn abu da bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce wannan ita ce ma'ajiyar bayanai, wadda suke kira SSD, kuma in gode wa Allah da tawa ta cirewa ce, domin akwai kwamfutocin da ake liƙa tasu da dalma a jikin allon, waɗanda idan allon bai tashi ba ceto bayanansu yakan zama babban aiki.

Ya sanya ta a wani ɗan akwati ya jona da tasa kwamfutar, kuma a nan ne na shiga tsoron da ya fi na ranar farko. Maimakon in ga manyan fayilolina, sai wani saƙo ya bayyana yana neman mabuɗin BitLocker. Ban taɓa jin wannan suna ba, ban kuma san an kulle mini komai ba. Malam ya ce yawancin sababbin kwamfutoci masu Windows suna kulle ma'ajiyarsu da kansu idan mutum ya shiga da asusun Microsoft, domin kada ɓarawo ya ciro ta ya karanta, kuma mabuɗin lambobi ne guda 48 da ake ajiyewa a asusun mai ita. Ya faɗa mini gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa idan ba a samu lambobin nan ba, shi ba shi da dabarar buɗewa, kuma duk wanda ya ce mini yana da ita kada in yarda da shi. An kira sallar magariba ina zaune da waya a hannu na kasa tuna kalmar sirrin asusun da aka buɗe mini tun ranar da na sayi kwamfutar. Maƙwabtansa suka fara rufe shaguna, shi kuwa ya je ya yi salla ya dawo ya tayar da ɗan janaretansa ya zauna kusa da yaronsa, suna bin matakan sake kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya, har lambar tabbatarwa ta shigo wayata, domin cikin ikon Allah ban taɓa sauya layin da aka yi rajistar da shi ba. Da shafin ya buɗe, Malam ya riƙa karanta lambobin shida-shida har rukuni takwas, yaron yana bugawa, ni kuma ina ta salati a zuci. Fayil na farko da na ce a buɗe shi ne na marigayiyar, kuma muryarta ta tashi a cikin shagon nan tana rera waƙar niƙa, har da tarin da ta yi a tsakiya da dariyar jikokinta a bayanta. Malam ya sunkuyar da kai ya saurara har ta kai ƙarshe, sannan ya ce a kwafe komai a wuri biyu kafin kowa ya tashi.

Akwai abu na biyu da ya yi, wanda a wurina ya fi na farkon nauyi. Yana tattara kaya ya tambaye ni yadda shayin ya zube, na ce 'yar autata ce mai shekara bakwai ta kawo mini bayan sallar asuba saboda ta ga na kwana a zaune, ƙafarta ta sarƙe da wayar caja. Na kuma faɗa masa abin da ban faɗa muku ba, wato na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata irinta ba, kuma tun ranar ba ta cin abincin kirki, ko ɗakina ba ta shigowa. Sai ya ce, "Gobe idan an tashi daga makaranta ki zo mini da ita."

Ranar Talata muka je. Ya riga ya wanke allon da sifirit mai tsafta, irin wanda kusan babu ruwa a cikinsa, ya goge koren tsatsar da ɗan buroshi mai laushi, ya busar, kuma mitarsa ta nuna masa cewa babbar hanyar da wutar caja ke bi ta haɗe da hanyar da bai kamata ta taɓa ba, wadda suke kira ƙasa, abin da suke cewa ta yi shot. Ya kira yarinyar ya ce, "Zo nan 'yata, riƙe mini tocilan nan, idona ya tsufa." Ya zuba ɗan sifirit a wurin, ya saki wuta kaɗan daga na'urarsa, ya ce ta lura da inda zai fara bushewa, domin abin da ya lalace shi ne zai fara ɗaukar zafi. Ita ce ta nuna wurin da yatsanta. Ya ɗaga abin da iska mai zafi ya ɗora mata a tafin hannu, wani ɗan kafasita, ɗaya daga cikin ƙananan kayan da ke liƙe a allon, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, sannan ya buɗe wani gwangwani ya nuna mata irinsa fal a ciki. Ya ce mata, "Kin ga abin da ya sa Ummanki kuka, kuma kin ga ina da su da yawa. Ke shayi kika kai wa mahaifiyarki da sassafe cikin sanyi, Allah ya yi miki albarka." A cikin adaidaita sahu muna komawa gida ta kwantar da kanta a jikina, na ba ta haƙuri, kuma a daren ta cinye tuwonta.

Allon madannai ne bai gyaru ba, domin shayin ya shiga tsakanin ledojinsa, sai da aka aiko da wani daga kasuwar kwamfutoci ta Ikeja a Legas, wanda shi ne ya ja mu har zuwa jiya. Kuɗin da Malam ya karɓa na aikin hannunsa, ina jin nauyin in faɗe shi saboda ƙanƙantarsa. Ya Allah ka saka wa bawan nan naka da mafificin alheri, ka ƙara wa idonsa haske da hannunsa albarka, ka buɗa masa kasuwa, ka shirya masa zuriya, ka jiƙan iyayensa, kuma yadda ya sanyaya zuciyar yarinya ƙarama, ka sanyaya tasa ranar da babu wata inuwa sai taka. Yaron shagonsa da ya yi dare saboda ni, Allah ya sa ya gaji hannun maigidansa da halinsa.

Na san a al'adarmu ba a son tallata wanda ya yi alheri, amma ku yi mini uzuri. Abban yara, wanda ya ɗauke mini girki da kai yara makaranta bai taɓa cewa da ma kin ajiye kwafi ba, Allah ya bar mu tare. Gwaggona ta Fagge, wadda ba ta san mene ne kwamfuta ba amma ta aiko da kuɗin adashinta a ƙulle a bakin zani, na mayar mata ta ƙi karɓa, Allah ya ba ta lafiya da nisan kwana. Farfesan da ke duba aikina, wanda ya ɗaga mini ranar miƙa babin ba tare da na roƙa ba, Allah ya ƙara ɗaukaka. Maƙwabciyata da ta ara mini kwamfutar ɗanta, da tsohuwar ɗalibata wadda ita ce ta yi mini kwatancen shagon Malam, da dukkanku da kuka yi ta kira da addu'a, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba, Allah ya biya muku bukatunku na alheri, ya kare ku daga tashin hankali irin wanda na gani.

Akwai na jikina da na zaci su ne za su fara zuwa, musamman waɗanda wannan fanni shi ne karatunsu kuma sun san hanyar gidana a lokacin da suke da bukata. Na kira ba a ɗauka ba, na aika saƙo aka karanta aka yi shiru. Ban riƙe kowa a zuciya ba, wataƙila kowa da abin da ya sha masa kai, amma na ji abin, kuma zumunci ya hana in ce fiye da haka.

Yanzu muryoyin suna wuri uku, a kwamfutar da wata ma'ajiya ta daban da ke cikin akwatina, da kuma ma'ajiyar intanet ta Google Drive, inda yaron Malam ya koya mini yadda ake ɗorawa. Gobe Asabar in Allah ya kai mu zan tafi ƙauyen marigayiyar da ɗan katin memori na waya da na zuba waƙoƙinta a ciki, domin babbar 'yarta ta roƙe ni tun ranar sadakar bakwai na yi ta cewa sai na kammala kundi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, Allah ya haskaka kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta. Auta ta ce za ta raka ni, kuma na amince.

Wassalamu alaikum.