Garin gyaran gira: abin da motocin jif suka koya mini a gareji

Akwai wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, rataye a ƙusa a bangon garejina da ke Kurmin Mashi. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, ba ya cika mako bai tambaye ni dalilin ajiye shi ba. Tamostat ne, wato abin da ke daidaita zafin injin, na wata Toyota Highlander ƙirar 2005. Ni na cire shi da hannuna, kuma cirewar nan ta kusa jefa iyalin wani bawan Allah cikin halin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A hannun wani dattijo na koyi kanikanci, tsohon ma'aikacin kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri da ya soma aiki a 1975. Mu 'yan Kaduna a kan Fijo muka buɗe ido, 504 da 505. Mota ce mai haƙuri. Kafireto gare ta, ka kwance ka wanke da fetur ka mayar, ka zuba mata bakin mai mai kauri, ta kai ka Zariya ta dawo da kai. Da motocin Kwatano da na Amurka suka cika gari, su Highlander da RAV4 da Lexus RX da Honda Pilot da CR-V, sai muka tarbe su da hannun da muka saba taɓa Fijo da shi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce, "Yaro, ka saurari mota kafin ka ɗauki sifana." Na ji maganar da kunne, amma sai da na yi ɓarna ta shige ni.

Cikin bazara ne, watan Afrilu, rana kamar ta fasa kai. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya shigo da motar nan yana cewa allurar zafi na hawa duk sanda ya shiga cunkoso wajen Kawo. Ban duba lagireto ba, ban gwada murfinsa ba, ban ma tambayi irin ruwan da ake zuba mata ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan abin na ƙasar sanyi ne, Turawa suka yi wa kansu saboda ƙanƙara. Nan Kaduna ba ruwanmu da shi." Na zare tamostat, na kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, da an kunna mota ta kama juyawa. Allura ta sauka ƙasa, Alhaji ya biya, ya sa mini albarka, ya tafi.

Bayan 'yan makonni ya dawo da ƙorafin shan mai, ga fitilar injin ta kama a gaban sitiyari. Na canza masa fulogi, waɗanda na fitar baƙi ƙirin da su, ban tsaya na tambayi kaina abin da ya baƙanta su ba. Sai wata Juma'a da la'asar sakaliya wayata ta yi ƙara. Motar ta tafasa ta mutu a hanyar Abuja, gaba da Kateri, da uwargida da yara huɗu a ciki. Duk wanda ya san hanyar nan a waɗancan shekarun ya san ba wanda ke so magariba ta riske shi a wurin. Allah ya kawo wani direban babbar mota ya ja su zuwa inda mutane suke. Daren nan ban runtsa ba.

Da aka jawo motar na buɗe ta, sai gaskiya ta yi halinta. Lagireton ya toshe fiye da rabi da tsatsa da laka, don shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura masa. Robar murfin ta bushe ta tsattsage. Gaskit ya ƙone, kan injin kuma, da yake na alminiyom ne, ya lanƙwashe. Tamostat ɗin da na ɗora wa laifi lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana nan inda yake, ni kawai na toshe wa motar baki don kada ta yi kuka.

A wannan aikin na zauna na fahimci abin da nake cirewa. Tamostat ƙofa ce. In injin na da sanyi tana rufe, don ya yi saurin ɗumama. In ruwa ya kai wajen digiri 82, a yawancin injinan Toyota, sai ta buɗe ruwa ya zagaya lagireto. Ƙwaƙwalwar motar tana sa ido a kan wannan zafin. Muddin ta ga injin bai ɗumama ba, za ta yi ta ƙara masa fetur, kamar yadda muke jan cok a Fijo da asubar hunturu. Ga inda man Alhaji yake tafiya, ga abin da ya baƙanta fulogi, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bakin man da ke jikin silinda, injin na cinyewa a hankali. A injina da yawa ma, ita wannan ƙofar ce ke toshe wata gajeriyar hanya idan ta buɗe. In babu ita, wani kaso na ruwan sai ya riƙa kewaye cikin injin bai leƙa lagireto ba. Shi kuwa murfi, matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Murfin da bai kai kuɗin cin abincin rana biyu ba, shi da tsatsa suka ci injin.

Na je gidan Alhaji na faɗa masa komai. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, da ka ce mini kayan ne marasa kyau, da na yarda. Tunda ka faɗi gaskiya, gyara mini ita." Ban karɓi kuɗin aiki ba, kuma na ɗauki rabin kuɗin kaya. Wata uku ina biyan bashin a Panteka.

Tun daga nan tambayoyin masu jif suka canza a kunnena. Kusan guda biyar ko shida ne suke ta maimaituwa, kuma na lura duk daga tushe ɗaya suke fitowa, wato zaton cewa jif ƙarfe ce da ba ta jin wahala. "Ai jif ce," in ji su.

To ba kowace jif ce jif ba. Land Cruiser da Prado da 4Runner a kan firam na ƙarfe aka ɗora su, irin ginin babbar mota. Highlander da Lexus RX kuwa a kan ƙashin Camry aka gina su, CR-V a kan na Civic. Ƙananan motoci ne da aka ɗaga. Wanda ya loda wa RX buhunan masara ya bi da ita hanyar gona a wajen Kachia, shokozoba da robobin ƙafa za su ba shi amsa kafin damina ta fita. Ruwa ma haka. Duk shekara in kogin Kaduna ya cika, ruwa ya kwanta a unguwannin bakin kogi, sai an jawo mini mota aƙalla ɗaya da mai ita ya kutsa da ita yana taƙama da tsayinta. Bututun shaƙar iskarta bai fi gwiwa zuwa cinya ba. Injin yana matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, in ya shaƙa sai sandar fistin ta lanƙwashe. In mota ta mutu cikin ruwa, don Allah kada a sake murɗa makulli. A jawo ta, a cire fulogi, a fitar da ruwan tukuna.

Tambayar da ta fi kowace yawa ita ce ta bakin mai. "Oga, wanne zan zuba?" Amsar tana rubuce a kan murfin da ake zuba man, ko a littafin motar: 5W-30 a yawancin waɗanda muke gani, 0W-20 a sababbi. Amma mutum sai ya dage sai 20W-50, wai ƙasarmu da zafi, mai ruwa-ruwa ba zai riƙe ba. Ni ma na yi shekaru ina faɗin haka. Injin mai VVT-i da matsin bakin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta wasu hanyoyi sirara masu ɗan rariya a ciki. Mai kauri yana jinkirin isa can da safe, a daidai lokacin da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Injin 3.0 na RX 300 da Highlander ta farko kuma an san shi da tara dagwalo in aka yi wasa da juye. Na sha buɗe shi na tarar da abu kamar kwalta ya daskare a ciki, sai da cokali ake kwasa.

Akwai wani ƙaramin kuskure da ke cin mutane ba su sani ba. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙidaya, ba kilomita ba. Yaro ya gama juye, ya ƙara 5,000 a kan lambar da ya gani, ya rubuta a takarda ya manna. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Da ƙurar hunturunmu da cunkoson Ahmadu Bello Way, ga jabun mai a kasuwa, ni shawarata kada a wuce kilomita 5,000 da mai na gama-gari. Wannan mil ɗin ya shafi taimin bel ma, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin. Injin 3.3 na Highlander da RX 330 bel gare shi, ana canza shi wajen mil 90,000, na Pilot kuma wajen 105,000. In ya tsinke ana tafiya, fistin na iya haɗuwa da bawul. Wanda ya sayi irin wannan motar bai san tarihinta ba, ya canza kawai ya huta. Na 3.5 a RX 350 sarƙa ce, ita ba ta da wannan lissafin.

Man giya ba zan ja shi da nisa ba, amma ba duk jan mai ne iri ɗaya ba. Toyota na da T-IV na tsofaffi da WS na baya-bayan nan, Honda na da nata, Nissan Murano har 2024 da Pathfinder daga 2013 zuwa 2020 wata giya ce daban gare su da ake kira CVT, in aka zuba musu na gama-gari an kashe su. Mai shago ya ce duk ɗaya ne, ka bar masa kayansa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya shigo maganarsa ɗaya, shan mai. A nan ne nake ganin ana maimaita kuskurena da sabon salo. Wani zai ce a cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, mota ta samu numfashi. Sau da yawa mai ba da shawarar ya san akwai ma'adanai masu tsada a cikinsa, kuma akwai masu saye. Wani kuma a cire masa ƙwan fitilar injin ko a liƙe shi da baƙin salatif don ya daina damunsa. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, don na san inda hanyar take ɓullewa. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da kafar da ake jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi abin da ke damunta cikin minti biyu. Da na jona wa motar Alhaji a wancan lokacin, da ta gaya mini injin ba ya kaiwa zafinsa. Yawancin shan man da nake gani, matatar iska ce ƙura ta toshe, ko na'urar auna iska ta yi datti, ko tsohon fulogi, ko taya babu iska, ko kuma wani ya riga ni cire tamostat.

Taya kuwa maganar rai ce. Jif doguwa ce, nauyinta na sama, in taya ta fashe ana gudu ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. Mai faci ya ga mota babba sai ya ɗura 50, alhali a jikin ƙofar direba an rubuta abin da ake so, galibi tsakanin 30 da 35. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kuma tana son tayoyinta su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, in ba haka ba giyar tsakiya ce ke biyan bambancin.

Makon jiya wata Hajiya ta aiko direbanta da RX 350, wai tana zafi. Ina ƙarƙashin wata motar na jiyo sabon yarona yana ce wa direban, "Ai tamostat ne, yanzu Oga zai cire." Na fito na goge hannu, na aike shi wajen mai shayi ya aro mana tukunya da risho. Na sauko da ɗan ƙarfen nan daga ƙusa, na ɗaure shi da waya na zura cikin ruwa, na ba yaron ma'aunin zafi ya riƙe. Muka tsuguna mu uku har da direban. Ruwa ya fara ɗumi, 60, 70, ƙarfe shiru. Da allura ta haura 80 sai ga ƙofar tana buɗewa a hankali ita kaɗai, bayan duk shekarun nan a bango. Yaron ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Oga, ashe yana da rai." Na ce ya mayar wa mai shayi tukunyarsa, ya dawo ya ɗauko na'urar gwajin matsi, mu fara da murfin lagireton Hajiya.