Laraba, Auta da ayarsa

Ruwa ya kwana yana zuba, da safe tsakar gida duk taɓo, kajin Mama sun haye buhun gawayi sun ƙi sauka. Ciniki a shago sai godiya. Wata mata ta sa na sauke atamfa kusan rabin kanta, ta juya wannan ta shafa waccan, ta tafi ko ɗankwali ba ta saya ba, wai sai ta dawo. Toh Allah ya dawo da ke lafiya.

Amma ba ita ta hana ni barci ba, Auta ne.

Sunaye sun fito, babu nasa. Kun dai san yadda yaron nan ya ƙwallafa rai a kan aikin soja, kuma a Zuru in namiji ya ce kaki yake so ba mai tambayarsa dalili, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan tsohon soja ba. Tun asuba yake fita gudu, ya rame ya yi baƙi, sitatus ɗinsa na WhatsApp kuwa aya ɗaya ce ba ta canzawa, Filibiyawa 4:13, wadda ke cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni. Har a bangon ɗakinsa ya rubuta ta da alli.

Da na dawo da la'asar na same shi a bakin rijiya, abincin rana na nan a rufe bai taɓa ba. Na ce Auta sai haƙuri, wani jinkirin alheri ne. Ya ɗago ya ce, "Yaya, ni fa ba rashin aikin ne ya fi ci mini rai ba. Na yi azumi, na riƙe ayar nan, kullum sai na furta ta kafin in fita. Ko dai bangaskiyata ce ba ta kai ba, ko kuma ayar ba da irina take ba?"

Ina cikin neman abin da zan ce, sai Kawu, da ke gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya, wanda kullum cewa yake kunnensa ya mutu amma ba abin da ke wuce shi a gidan nan, ya ce, "Kai, ɗauko Littafin." Auta ya zaro waya. Kawu ya ce, "Ba wanga ba, na takarda." Aka ɗauko na Mama, fassarar 1979, don nasa tsohon na 1932 ba ya yarda kowa ya taɓa, bangon ma da zare ya ɗinke shi. Auta ya buɗe kai tsaye sura ta 4. Kawu ya ce, "Wa ya ce ka fara nan? In budurwarka ta rubuto maka wasiƙa, layi guda kake tsinta daga ƙasa ka yar da sauran? Koma farko, kuma da ƙarfi, ni kurma ne."

Sura 4 ce duka, aya 104, wanda bai tsaya ba ko minti 20 ba zai yi ba ya gama. Mu kam sai da almuru ta yi, don Kawu bai barin a yi nisa sai ya tsayar. Ina mai maganar, wato manzo Bulus, yake zaune? Auta ya koma baya ya duba, ya ce a ɗaure yake, a kurkuku. Su wa yake rubuta wa? Masu bi na Filibi, can ƙasar Makidoniya, garin da aka yi wa Bulus da Sila dukan tsiya aka jefa su kurkuku, garin Lidiya mai sayar da tufafi (abokiyar sana'ata ke nan, na ce, ba wanda ya yi dariya). Mi ya sa ya rubuta? Sun aika masa da gudummawa ta hannun Abafaroditas, shi kuma ɗan aiken ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus na mai da shi gida da godiya. Da muka kai wurin da yake roƙon Afodiya da Sintiki su shirya tsakaninsu Mama ta tuntsire da dariya daga kicin, ta ce ashe rigimar Zumuntar Mata tsohuwa ce.

Sai aya ta 11 da ta 12. Nan muryar Auta ta fara ja da baya. Mutumin cewa yake ya koyi zama da abin da ya samu, ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi, sannan ne fa ya ce zai iya duka ta wurin mai ƙarfafa shi. Wato har da yunwar, har da rashin, har da ɗaurin da yake ciki a lokacin da yake maganar.

Na zaci yaron zai huce. Ina! Ya rufe Littafin ya ce, "To ai wannan ya fi muni Kawu, wato in koyi zaman banza ke nan?" Kawu ko a jikinsa, ya ce, "Ni ban ce komi ba, da bakinka ka karanta. Wanda kake ta kira bai yi maka alkawarin kaki a wurin ga ba, ya yi maka alkawarin ba za ka karye ba ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Shekara ta zagayo ka sake nema, wa ya hana ka?" Ya kuma ce Bulus bai sa lamba ko ɗaya a wasiƙarsa ba, daga baya can mutane sunka yanka ta don sauƙin nema, haka aka koya musu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tungan Magajiya. Na duba a waya da dare, haka ne. Surorin da muke bi wani babban limamin coci a Ingila, Stephen Langton, ya tsara su a farkon shekarun 1200, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Fiye da shekara dubu masu bi na sauraron wasiƙar nan ba tare da akwai wani abu wai shi 4:13 ba.

Gaskiya raina ya ɗan sosu da Kawu. Yaro na cikin zafi, yau ɗin nan, ba a bari ko tuwo ya ci ba. Mama ma ta faɗa masa, "Yaya, da ka bari ya kwana tukuna." Ya ce gobe wani zai turo masa wata ayar ya ce waccan ce ba ta yi ba, gara yau.

Kuma abin da ke cina ke nan, don gaskiyarsa ce. Kowace safiya guruf ɗin Zumunta cike yake da aya ɗaya ɗaya, an yi mata ado da furanni, a ƙasa an ce rubuta Amin. Mu rubuta mu wuce. Kalandar da ke rataye a shagona Irmiya 29:11 ce a jiki, shirin alheri da Ubangiji yake da shi dominmu, kowa na sonta, amma aya ta 10 da ke manne da ita cewa take sai shekara 70 ta cika a Babila tukuna, ita ma wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta, har ana ce musu su gina gidaje su dasa gonaki don zaman ba na yau da gobe ba ne. Wannan ba a buga ta a kalanda. Su Kawu da girmansu suka zauna suka koyi a ba ca da don kawai su karanta Littafin nan da idonsu, mu yana aljihunmu, har mai karanta mana da murya akwai, amma wasiƙa guda ta gagare mu daga gaisuwa zuwa sallama.

Ba cewa nake a daina jin Fasto ba. A Ayyukan Manzanni, mutumin Habasha da ke cikin karusa ya ce yaya zai gane in ba wanda ya bayyana masa, gaskiya ne, amma ai Filibus da littafin Ishaya a buɗe ya same shi, yana ta fama da shi shi kaɗai. Mutanen Biriya kuwa Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, suka koma suna bincike kowace rana su ga ko haka ne, kuma yabonsu aka yi, ba a ce sun raina manzo ba.

Auta dai ya ci tuwo, har ya ƙara, amma bai ce wa kowa uffan ba. Kawu ya ba shi guntun fensir ya ce ya karanta Ayyukan Manzanni 16, duk inda bai gane ba ya yi alama a gefe, gobe zai tambaye shi. Ni ma ban tsira ba, wai wasiƙar Yakubu gaba ɗaya kafin Lahadi, tunda na iya sa baki.

An ɗauke wuta tun ƙarfe tara, caji saura kaɗan. Gobe akwai koyon waƙa, kuma Maman Biyu in kina karanta wannan, kulata ta bikin nan nake jira har yanzu.