Abin da aikin dare ya koya mini

Na ajiye farar rigar aikin jinya a asibiti a watan jiya. Yaran da na bari a sashe sun ce in rubuta musu wani abu, kuma na san abin da suke jira: yadda ake samun jijiya a hannun tsohon da ruwa ya ƙare a jikinsa, ko yadda ake zama lafiya da manya. Na farkon hannunsu zai koya musu. Abin da ni nake da shi, shi ne abin da na ji daga bakin mutane tsakanin ƙarfe biyun dare da kiran assalatu, lokacin da mai jinya ya ɓingire a tabarma, likita ya tafi gida, maras lafiya kuma ya gane ba da ƙafarsa zai koma garinsu ba.

Ana yawan cewa wai babbar nadamar mai mutuwa ita ce ya ƙarar da rayuwarsa a wurin aiki. Wataƙila a ƙasashen da aka ƙoshi. A nan Damagaram ban taɓa jin manomin da ya yi da-na-sanin noma ba, kuma wanda ya ga yunwar 1984 da ta 2005 ba zai ce aiki ya yi masa yawa ba. Abin da ke hana mutanenmu runtsawa haƙƙin wani ne. Gona, bashi, gaba da ɗan'uwa, matar da aka saka a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kusan kullum akwai sunan da ake ta maimaitawa, mai sunan kuwa ba ya cikin ɗakin.

Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin magani ya hau kuma albashi ke yin watanni bai fito ba, aka kawo mana wani dattijo daga wajen Matamai. Ciwon hanta ne, ciki ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya. Ya zo a makare kamar yadda aka saba, bayan jiƙo da rubutu, bayan an sayar da awaki. Mun san ba abin da ya rage sai rage masa zafi. Duk daren da na zo duba shi sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, Kano ta yi nisa haka ne?" Matarsa ce ta warware mini. Yana da ƙane a Kano, uwa ɗaya uba ɗaya, rabonsu da magana tun rasuwar mahaifinsu, a kan gonar gado. An aika masa ta bakin wani direba.

Ƙanen ya iso bayan tsakar dare, ya biyo ta Daura da Ɗan Barto, ƙura har gira. Mai gadi ya ce lokacin ziyara ya wuce, umarnin majo ne, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashenmu, sai gobe da rana. Ni kuwa na auna bugun jinin dattijon ba da jimawa ba, na san goben nan ba tasa ba ce. Na fita na shigo da mutumin da kaina.

Abin da na gani ba zan manta ba. Ƙanen ya durƙusa bakin gado ya ce, "Yaya, ga ni." Dattijon bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce shi ne ya tone gambar kan iyaka da dare ya matsar da ita, sannan ya je gaban mai gari ya rantse cewa nan mahaifinsu ya bar ta. Ya ce in ɗauko takarda in rubuta, ni da mai jinyar gadon kusa mu zama shaidu. A bayan wata tsohuwar takardar magani na rubuta. Ƙanen yana kuka yana cewa, "Na yafe maka, Yaya, duniya da lahira." Kafin hantsi aka rufe masa fuska.

Da majo ya ji labari, bai tambaye ni halin da maras lafiya yake ciki ba. A gaban ɗalibai da masu shara ya ce na karɓi kuɗi a hannun ɗan Najeriya na buɗe masa ƙofa. Ya ba ni takardar neman bahasi. Na rubuta amsa, na ce a kira matar mamacin, a kira mai gadi. Ba a kira kowa ba. Kowa a sashen ya san waɗanda ake buɗe wa ƙofa a kowane lokaci idan sun zo da mota, kuma ba wanda ya buɗe baki. Kafin damina ta fita takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ni wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Tanut, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa.

Ina can mahaifiyata ta kwanta a Birni. Ba wayar salula a lokacin. Saƙo ya same ni ta hannun ƴan kasuwa, kafin in samu mota in iso an riga an kai ta. Ƙanwata ta ce har ƙarshe tana tambaya ko na taso. Ajali ba ya hannun majo, na sani, kuma ban taɓa cewa shi ya kashe ta ba. Amma nisan da ya hana ni jin maganarta ta ƙarshe, alƙalaminsa ne ya sa shi. Idan da za a maido da wancan dare, zan sake buɗe ƙofar.

Shawarata ga masu aikin jinya daga nan ta fito. Dokar ziyara tana da dalili, wanda ya yi aiki lokacin sanƙarau na 1995 ya san dalilin. Sai dai an kafa ta ne don maras lafiya. Idan ka ga alamun tafiya sun bayyana, ka tambayi dangi ko akwai wanda yake son gani, ka ce su aika yau. Kuma ku daina biye wa iyalan da ke cewa kada a gaya masa. Ba na ce ka tsaya a kansa ka yanke masa kwana ba, wannan sanin Allah ne. Amma ana iya ce wa mutum, "Baba, ciwon nan mai nauyi ne, in akwai abin da kake son faɗa wa yara, ka faɗa." Na ga dattawa da yawa da aka yi ta rarrashi da cewa gobe za a sallame su, har harshe ya karye, suka tafi da bashin da ba wanda ya san adadinsa, aka bar magada da rigima a gaban alƙali.

Addini bai bar mu cikin duhu ba a nan. A Suratul Munafiƙun, aya ta 10, roƙon mai mutuwa shi ne a ɗan jinkirta masa ya yi sadaka. Hadisin Ibn Umar ya ce wanda ke da abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba, wani hadisin kuma ya ce ba ta wuce sulusin dukiya. Amma a garin nan idan ka ce wa mutum ya rubuta wasiyya sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Ga dokar karkara tun 1993, ga kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaidar gona, amma har gobe ƴan'uwa na dogara da gamba da rantsuwa.

Sauran abubuwan da na ji ba su da tsawo. Waɗanda suka ƙare ƙuruciya a Libiya ko Legas kan ce ƴaƴansu na gaishe su kamar baƙi, kuma ba na ganin laifinsu, rumbu ne ya kore su. Masu hali kan yi kukan Hajjin da suka yi ta ɗagawa. Wani tsohon malamin makaranta bai yafe wa kansa cire ƴarsa daga aji da ya yi don aure ba. Mata ba su cika magana a kan kansu ba, tambayarsu wa zai riƙe auta.

Majo yana nan da ransa, ya tsufa, ido ya yi rauni. Mukan haɗu a wurin jana'iza, ina ba shi hannu, ba na gaba da shi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Takardar da ya rubuta a kaina tana cikin fayil ɗina har ranar da na bar aiki, da kalmar cin hanci a jikinta. Ya san gidana a Garin Malam.