Baƙo a yankin Balkan: kada ka shiga rabon gardamar waƙa

Wanda karatu ko neman abinci ya kawo Sofiya, Belgrade, Skopje ko Sarajevo, takardar izinin zama da sanyin hunturu ne suke fara damunsa, kuma duk ana shawo kansu. Abin da ba a cika gaya wa sabon zuwa ba shi ne, a wannan yanki waƙar gargajiya tana iya ɓata zumuncin da aka daɗe ana ƙullawa da maƙwabci ko abokin aiki. Mu mazauna nan mun san inda ake yawan yin tuntuɓe. Baƙo zai ji wani kari a gidan biki, ya ce da zuciya ɗaya, “Ai na san wannan, ta Turkawa ce.” Sai ya ga fuskoki sun sauya.

Karin da ya fi jawo wannan rigima shi ne wanda Turkawa ke kira Kâtibim, waƙar wata mace da magatakardanta a hanyar Üsküdar, wata unguwa a Santambul. Girkawa suna rera shi da sunan Apo xeno topo, a Bosniya Anadolka ne, a Sabiya kuma Ruse kose curo imaš. Duk waɗannan na soyayya ne. Amma a tsaunukan Strandzha na Bulgeriya, kari ɗaya ɗin nan ya zama waƙar kishin ƙasa, ta tunawa da boren 1903 a kan Turkawa. Ka ga ke nan, ce wa mutumin wurin waƙarsa ta Turkawa ce daidai yake da ce masa kakanninsa sun yi yaƙi da muryar abokan gaba. Wanda ya saba da majalisin bege ma zai iya gane karin, don ana rera ƙasidar Ɗalama ashku garami da shi. A 2003 wata 'yar Bulgeriya mai shirya fim, Adela Peeva, ta zaga ƙasashen nan tana tambayar mai waƙar. A garin Vranje na Sabiya ta kunna wa mutane samfurin Bosniya, zama ya rikice.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta riƙe yawancin yankin ɗaruruwan shekaru, Bulgeriya kaɗai daga 1396 zuwa 1878. Kasuwa ɗaya, barikin soja ɗaya, makaɗa kuwa, musamman 'yan ƙabilar Roma, suna yi wa kowa kiɗan biki, Kirista da Musulmi, suna sauya baiti gwargwadon harshen mai gida. Da aka zo kafa ƙasashe a ƙarni na 19, sai waƙa ta koma hujjar mallakar ƙasa: in ƙauye na rera waƙarmu, to ƙauyen namu ne. Shi ya sa har yau ake jan zare a kan kundin waƙoƙin da 'yan'uwan nan biyu, Dimitar da Konstantin Miladinov, mutanen Struga, suka buga a Zagreb a 1861. Sunan kundin na asali ya kira waƙoƙin na Bulgeriya, Struga kuwa yau tana cikin Masedoniya ta Arewa, inda aka sha sake buga shi ba tare da wancan suna ba. Waƙar Jovano Jovanke ma haka take tsakanin ƙasashen biyu. Kada ka ɗauka tsohon zance ne. A 2020 Bulgeriya ta tare wa maƙwabciyar tata hanyar fara tattaunawar shiga Tarayyar Turai a kan saɓanin tarihi da harshe.

A ganina, neman wanda ya fara rera irin wannan kari ɓata lokaci ne, kuma ba aikin baƙo ba ne. In an tambaye ka ta wa ce, ka mayar da tambayar kan baitocin: me suke cewa, a wane irin taro ake yin ta a garinku? Mutum zai yi ta ba ka bayani cikin jin daɗi. Kada ka ciro waya ka kunna masa ta wata ƙasa don ya ji kamannin, nan ne ake ɓatawa.

Akwai kuma waƙoƙin da ba a saka su a mota ko a wurin aiki sai an san su wa ke zaune. Marš na Drinu taken sojan Sabiya ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma Musulmin Bosniya da yawa yana tuna musu yaƙin 1992 zuwa 1995. Da aka rera shi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Janairun 2013, ƙungiyoyinsu sun yi ƙorafi har ofishin Ban Ki-moon, babban sakataren majalisar na lokacin, ya nuna nadama. Daɗin kari ba ya gaya maka abin da waƙa ta ɗauko, don haka ka nemi fassara tukuna.

A wurin biki, kira rawar da sunan da masu gida ke kiranta: kolo a Sabiya, oro a Masedoniya ta Arewa, horo a Bulgeriya, valle a Albaniya. Ana riƙe hannu ne, layin yana tafiya ta dama. Ka shiga daga wutsiya, kada ka kama kan layi, domin na gaba mai kaɗa hankici galibi shi ya biya makaɗa. Biyan kuwa kamar liƙinmu ne, ana manna kuɗi a goshin mai busa ko a soke a jikin abin kiɗan. Abin da ke rikita ƙafar sabon shiga shi ne wasu kiɗan bugu bakwai ne ba huɗu ba. A Jovano Jovanke ana ƙirga uku, biyu, biyu, wato taku mai tsawo ɗaya sai gajeru biyu. A rawar rachenitsa ta Bulgeriya kuwa mai tsawon a ƙarshe yake zuwa.