Idan tsohon injin ɗaure ciyawa ya fara zubar da ƙulli

Daga ƙarshen Oktoba, da an fara yankan gamba da kyasuwa da harawar wake, aikin da ya fi zuwa garejinmu shi ne injin ɗaure ciyawa mai fitar da dami mai kusurwa huɗu. Galibinsu kwance ne daga Turai: New Holland 276, John Deere 336, Massey Ferguson 124. Jikinsu ƙarfe ne na gaske, abin da ke ba masu gona wahala shi ne nota, wato sashen da ke ƙulla igiya. Bayanin nan ya shafi waɗannan injunan. Na Claas tsarin notarsa daban ne.

Kafin a taɓa sufana, a ɗauko igiyar damin da ya warware a duba bakinta biyu. Igiyar sama ita ce wadda faifai, wato ƙarfen da ke kama igiya a cikin nota, ke riƙe da ita tun farkon dami, ta ƙasa kuwa allura, dogon ƙarfen da ke ɗago igiya zuwa nota, ce ke kawo ta. Yanayin bakunan nan shi ke nuna inda ciwon yake. Sannan a kashe tarakta, a cire sandar fitiyo da ke kawo juyi daga tarakta, a jira filawil, wato babbar ƙafar ƙarfe mai nauyi da ke juya injin, ya tsaya cik, a ɗaga hannun awon tsawon dami, a juya filawil da hannu a hankali ana kallon yadda ƙullin ke tafiya. Nota ba ta san yatsan mutum ba.

Idan ƙulli na kan igiyar sama kaɗai, ta allura ba ta shiga bakin ƙulli ba, wato ƙaramin ƙarfe mai harshe da ke juyawa ya ƙulla igiyar. Ko dai yatsan da ke tura igiya ya lanƙwashe ko ya yi latti, ko allura ta wuce nesa da faifai. Allura ta riƙa ɗan gogar jikin nota, tazararta da faifai kada ta wuce milimita 3. Amma akwai abin da yawancin makanikai ke tsallakewa: ƙugiyoyin da ke tare ciyawa a cikin akwatin matsi. Idan sifirin ɗinsu ya karye, ko ƙura da dusar ciyawa sun cushe ƙarƙashinsu, ciyawar na dawowa baya ta ture igiya daga hanyarta. A ƙurar hunturu wannan na faruwa sosai, kuma gyaran bai wuce tsintsiya da sifirin guda ba. Mun sha karɓar injin da aka kwance masa nota gaba ɗaya alhali laifin na nan.

Idan kuma ƙullin na kan igiyar allura kaɗai, ta sama ce ta kuɓuce daga faifai. A nan sai an lura da kyau. Bakin igiya a yanke tsaf, a ɗan daddanne, yana nufin igiyar zamewa ta yi: matsin faifai ya yi sanyi, ko an matse dami fiye da ƙima. Baki a tsattsage kamar gashi yana nufin matsin ya yi yawa har faifan na cin igiyar, ko gefensa ya yi kaifi. Magani biyu ne masu kishiyantar juna, wanda bai duba ba zai ƙara matsi a inda ya kamata ya rage. Notin sifirin da ke matse faifai ana juya shi kashi ɗaya cikin shida na zagaye, a ɗaure dami biyar ko shida, a sake dubawa. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda.

Babu ƙulli a ko ɗaya daga bakunan igiyar? A duba ko bakin ƙulli na juyawa, domin ƙaramin fin da ke haɗa shi da giyarsa yakan karye. Idan yana juyawa, a duba rolar da ke buɗe harshensa, ko ta faɗi ko ta cinye ta gefe ɗaya. Harshe mai sako-sako ma yana sakin igiya kafin ƙulli ya kammala.

Ƙullin da ke maƙalewa a kan bakin ƙulli shi ya fi ɓarna, saboda na biyu zai hau kansa, na uku ya lanƙwasa hannun wuƙar da ke yanke igiya ko ya karya bakin. Dalilansa huɗu ne da muka fi gani: tsatsa a bakin, matsin harshe ya yi yawa, wuƙa ta dakushe, ko hannun wuƙa ba ya shafar bayan bakin lokacin da yake share ƙulli. Hannun nan dole ya shafi bakin kaɗan, ya kuma wuce tsininsa da kusan santimita ɗaya. Lanƙwasa shi zuwa daidai aikin hannu ne da ke buƙatar haƙuri, mu cire shi muke yi mu ɗaure a bais, ba ma buga masa guduma a jikin inji. Bakin kuwa sanfefa mai laushi ake goge shi da ita har ya yi sheƙi, ba magagari ba. Wuƙa idan ta dakushe za a ga bakunan igiya sun fito a tsefe, ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

A nan ne jabun kaya ke cutar mutane. Bakin ƙulli na jabu a ido ba shi da bambanci da na asali, amma ƙarfensa bai sha wuta ba, igiyar roba na yi masa kwari cikin 'yan makonni, harshensa kuma ba ya zama daidai a kan muƙamuƙi. Mai inji zai yi ta ciniki a kan kuɗin na asali, ya koma kasuwa ya sayo mai araha, ciyawa na kwance a gona tana asarar ganye, sannan ya dawo. Mu ba ma ɗaura shi. Gara tsohon na asali da aka goge da sabon jabu. Haka ma wanda aka yi wa cikon walda, ba ya komawa santsinsa na da.

Igiya ma haka. Wadda ake ɗaurin kaya da ita a kasuwa ba ta inji ba ce: nan ta yi kauri, can ta yi siriri, babu saitin da zai riƙe ta. A sayi ta inji, a kuma sa iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Tsohon injin da aka saita da igiyar sisal, idan aka koma ta roba, yana son wuƙa mai kaifi sosai da ƙarin matsi a faifai, saboda roba na da santsi. A bi hanyar igiyar tun daga akwatinta, idan zoben da take bi ko idon allura ya yi kwari, zai riƙa tsinka ta ana ɗora wa nota laifi.

Karyewar allura kuwa maganar taimin ce, wato daidaiton lokacin motsin sassan injin. Sarƙa ta miƙe ta tsallake haƙori, allura ta shigo akwatin matsi lokacin da filanja, wato ƙarfen da ke matse dami, ke tahowa da ciyawa. Akwai ƙarfen tsaro da ke tare filanja idan allura na ciki, shi ke sa notin filawil ya karye maimakon allurar. Wasu sukan ɗaure ƙarfen nan da waya, ko su sa noti mai tauri a wurin na tsaro don ya daina karyewa. Kada a yi. A daidaita alamun taimin kamar yadda littafin injin ya nuna, a matse birkin allura don kada ta zame da kanta, a tabbatar fitiyo na juyi 540 a minti.

Idan an gama aikin shekara, a hure nota da iska, a sa giris a kowane nono, a shafa wa bakin ƙulli da faifai da wuƙa mai, a fitar da ragowar damin da ke cikin akwati, a ajiye injin ƙarƙashin rumfa. Kafin aikin baɗi a wanke man faifai da dizal, a goge shi ya bushe, in ba haka ba igiya za ta riƙa zamewa tun a damin farko.