Kaluluwar wuya da toshewar kunne ɗaya: a duba bayan hanci

Akwai wani lungu a bayan hanci, sama da belu, inda ƴar hanyar iska daga kunne take buɗewa. Ciwon daji kan tsiro a nan, kuma da yake ido ba ya kaiwa wurin, sai ya daɗe yana girma a ɓoye. Abin da yawanci ke fara fitowa fili shi ne kaluluwa mai tauri a saman wuya, ƙasan kunne, wadda ba ta zafi. Ga toshewar kunne ɗaya, majina mai jirwayen jini ko haɓo. In ya kai ga jijiyoyi, sai mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu.

A nan Katsina da Daura, irin wannan kumburi wurin wanzami wasu ke fara kai shi, a yi sakiya. Wasu kuma su shafe watanni suna shan maganin tarin fuka bisa zaton shi ne ya kawo kaluluwar. Wannan jinkiri shi ke cin rai. Baligin da kaluluwarsa ta wuce mako 3 ba ta saɓe ba, ya nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Likita zai zura siririyar kyamara ta hanci, ya gutsuro tsoka a gwada, sannan a ɗauki hoton CT ko MRI.

Ba tiyata ce babban maganinsa ba, gashi ne da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da haske mai ƙarfi, kuma ciwon yana jin gashi sosai. Ana yin zama 33 zuwa 35, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako 7, da abin rufe fuska na roba da aka ƙera daidai kan majiyyaci don kada ya motsa. In ciwon ya kai wuya, ana haɗawa da maganin daji mai suna cisplatin ta jijiya, wanda ke iya taɓa ƙoda da ji, don haka shan ruwa da gwajin jini dole ne. Haƙoran da suka lalace a cire su tun kafin a fara, domin muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa da wuri.

Wajen mako na uku baki kan yi gyambo, miyau ya kafe, abinci ya koma salam. A nan ne iyali ke cewa a ɗan huta, alhali duk kwanan da aka tsallake, ƙwayoyin ciwon da suka rage suna hayayyafa. A nemi maganin zafi wurin likita, a bar yaji da taba, a koma kunu mai madara, ƙwai da fura da nono mai ruwa-ruwa. A zuba ƙaramin cokali na gishiri da na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa, a riƙa kurkure baki sau da yawa a yini. Kuɗin mota da masauki na makonnin nan kuwa, dangi su haɗa su kafin zaman farko.